Dara a layi goma

Ni mai gyaran rediyo ne, ko in ce da can, domin yanzu gyaran salula ke ciyar da ni da iyalina. Rumfata tana bayan babbar kasuwar Maradi, kuma a Bagalam aka haife ni. Lakwal na yi ta har koleji, na faɗi jarrabawar BEPC sau biyu, mahaifina ya ce to ya isa, ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai gyara a Sabon Gari. Tun ranar ban sake zama gaban mushe, wato malamin lakwal, ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ji labarin da zan bayar ya ɗauka wani ɗan boko ne ke magana. Faransancina na ciniki ne, Turancin Ingila kuwa sai abin da ke rubuce a jikin kayan gyara.

A shekarar 2019 wani mai kawo kayan gwanjo daga Kwatano ya sauke mini buhu biyu na tarkacen lantarki, irin waɗanda muke saye don mu ciri abin da ke da sauran amfani. A ƙasan buhu na biyu na tarar da wani abu mai kama da allon madannan kwamfuta, sai dai ya fi shi kauri da nauyi, launinsa kamar na kunun da ya kwana. An rubuta Commodore 64 a goshinsa. Tare da shi akwai wani ɗan akwatin kaset da wata caja mai nauyin bulo. Na juya shi, ban ga inda zai shiga jikin kwamfutocin yanzu ba, na cilla shi saman kanta. Shekara uku yana can yana shan ƙurar hunturu, har zanzaro ya yi gini a gefensa.

Ɗan yayata, wanda ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ya tona asirinsa. Ya kawo mini salularsa gyara, yana jira, idonsa ya kai can sama.

"Kawu, ka san mi ka aje nan kuwa?"

Na ce allon madannai ne da ya rasa uwarsa.

Ya yi dariya ya ce ai shi ne uwar, shi ne ɗan. Kwamfutar duka tana ƙarƙashin madannan. Ya bincika a intanet ya karanta mini: a 1982 aka fara sayar da ita a Amurka, ta cika gidajen Turai, musamman Jamus, kuma tana cikin kwamfutocin da aka fi saye a tarihi. Ya kuma karanta mini gargaɗin da ya cece ni, cewa kada in kuskura in jona ta da tsohuwar cajarta. Cajar tana ba da wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 9, in ta tsufa sai ɓangaren bolt 5 ya haura ya ƙone abin da ke ciki. Na sa mita na auna, na tarar gaskiya ne, ta haura. Sai na haɗa tawa da hannuna: bolt 5 daga caja mai kyau, bolt 9 daga taransifomar wata tsohuwar rediyo.

Da na kunna ta, baƙi ƙirin. Na buɗe cikinta, ni da na saba da cikin salula inda sai da madubin ƙara girma ake ganin ƙafar aisi, wato ƴan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da ke kan allon na'ura, sai na ga fili kamar gonar gado. Kowane aisi da ƙafafunsa a sarari, kana iya bin hanyar wuta da ido. Aisi takwas ne ke riƙe da ƙwaƙwalwarta, lambarsu 4164. Na bar ta a kunne na ɗan lokaci ina taɓa su ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa, na shida ya gasa ni. Wata huɗu na yi ina cigiyar irinsa, har wani abokin sana'a a Kano ya ciro mini biyu daga wani tsohon allo, direban da ke bin hanyar Jibiya da Dan Issa ya kawo mini a kwalin ashana.

Ranar da ta farka, da tsohuwar telen mahaifina na jona ta. Rubutu ya fito, amma ba launi. Na kwana biyu ina zargin aikina kafin in tuna abin da duk mai gyaran tele a Maradi ya sani tun da: telen Nijar ta da tsarin SECAM take bi irin na Faransa, ta Najeriya kuwa PAL, shi ya sa mutanen nan suke neman mai kama duka biyun don su kalli tashar Katsina. Kwamfutar ƴar PAL ce. Na aro wata ƙaramar tele ƴar Najeriya wurin maƙwabcina, sai ga shuɗi ya cika fuska, da rubutu a sama cewa tana da bayit 38911, wato wurin ajiye harafi 38911 a ƙwaƙwalwarta, da zan iya amfani da su, a ƙasa kuma kalma ɗaya, READY, da ɗan murabba'i yana ƙiftawa. Hoto guda na salula ya ninka wannan wuri sau hamsin ko fiye. Amma ni ban taɓa ganin na'ura ta tsaya tana jiran in gaya mata abin da za ta yi ba. Salula kullum ita ke gaya maka.

Harshen da take ji sunansa BASIC. Kalmominsa ba su da yawa, na rubuta su a kaye da ma'anarsu da Hausa: PRINT rubuta, GOTO koma, IF idan, PEEK leƙa, POKE cusa. Abin da ya fara shiga raina shi ne POKE. Kowane lungu na cikinta yana da lamba kamar gidajen unguwa, in ka san lambar ka aika saƙo kai tsaye. Ka cusa sifili a gida mai lamba 53280, bakin fuskar tele ya koma baƙi. Ka cusa 2, ya koma ja. Daren da na gano wannan, launuka goma sha shida ɗin nan sai da na bi su duka, na sake bi, kamar yaron da aka saya wa tocila.

Sai 2023 ta zo da abin da ta zo da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka sa wa ƙasar takunkumi, iyaka ta rufe, wutar da ke zo mana daga Najeriya ta tsaya. Wanda ya san Maradi ya san abin da rufe hanyar Katsina ke nufi. Kayan gyara suka yanke, ciniki ya mutu, mutum ya fi damuwa da kwanon hatsi a kan fuskar salula da ta tsage. Ina da sola ɗaya da batir da ƙaramar inbata a rumfa. Da rana in yi wa mutane cajin salula a kan dala ashirin-ashirin, da dare abin da ya rage a batir in ba kwamfutar. Ba don wannan zaman banza ba, ban ga ranar da zan koyi abin da na koya ba, ko da yake ba na fatan a sake.

A cikin wannan hali ɗan yayata ya zo da labarin wata gasa da ake yi duk shekara daga Jamus, sunanta BASIC 10Liner. Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci daga ƙasashe daban-daban suna rubuta wasa, sharaɗin shi ne kada ya wuce layi goma. Akwai rukuni-rukuni: wanda kowane layi ba zai wuce harafi 80 ba, da na 120, da na 256. Na tambaye shi nawa ake ba wanda ya ci. Ya ce shi bai ga maganar kuɗi ba. Na ce to lallai Turawa sun ƙoshi. Amma na kwana da abin a raina, da safe na ce masa na 80 zan shiga. Ba jarumta ba ce: kwamfutar tawa da ma harafi 80 take karɓa a layi ɗaya, faɗin fuskarta 40 ne, layi biyu na tele ke zama layi ɗaya na umarni.

Ya nuna mini irin wasannin da ake shigarwa, yawanci jiragen sama ne da harbi da macizai masu cin ƙwallo. Na fara gwada na kabu-kabu mai kauce wa ramuka, na yi kwana uku na ga kwaikwayo ne kawai, an cire jirgi an sa babur. Wata la'asar ina komawa gida na wuce gindin bedin da tsofaffin unguwarmu ke dara, inda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara da shekaru yana zama. Na tsaya kallo kamar yadda na saba tun ina yaro. Gurabe talatin a ƙasa, jeri biyar na shida-shida, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan tsinke, wancan tsakuwa. A zuba su ɗaya-ɗaya, sannan a fara tafiya gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Nan take na san abin da zan rubuta.

Layi goma sau harafi 80, harafi 800 ke nan, har da lambobin layin. Rubutuna na farko, wanda ya yi aiki daidai, layi arba'in da bakwai ne.

Daga nan aka shiga aikin da ban san yadda zan kwatanta shi ba sai da tela da aka ba yadi biyu aka ce ya fitar da babbar riga. Na fara da abin da ke sarari: na cire duk tazarar da ke tsakanin kalmomi, domin kwamfutar ba ta damu da ita ba. Na ba layuka lamba daga 0 zuwa 9 maimakon 10 da 20, kowane layi na tsira da harafi ɗaya. Na koyi gajerun hannu: alamar tambaya tana tsaya wa PRINT, POKE kuma harafi biyu ya ishe ta. Sannan na gane ba sai na ajiye lissafin gurabe a wani wuri dabam ba, fuskar telen kanta ita ce ƙasar darar. Gidajen fuskar suna farawa daga lamba 1024, guda dubu cif, 40 a kwance 25 a tsaye. In na cusa 81 a gida sai ƙwallo cikakke ya fito, in na cusa 87 sai zobe, tsakuwa da tsinke ke nan. In ina son sanin abin da ke gurbi sai in leƙa shi. Maƙwabcin dama ƙari ɗaya ne, na ƙasa ƙari arba'in.

Babban abokin gabana shi ne IF. A wannan BASIC ɗin, in sharaɗi bai cika ba, duk abin da ya biyo baya a layin an yi watsi da shi, sai layi na gaba. Kowane "idan" yana iya cinye maka layi guda, ni kuwa goma gare ni, dara kuma duk "idan" ce. Mako biyu ina bugun kai da bango kafin in fahimci wata dabara: kwamfutar tana ɗaukar gaskiya a matsayin lamba -1, ƙarya kuma sifili. Ashe ana iya ninka abu da gaskiya. In maganar ƙarya ce sai ya zama sifili ya ɓace da kansa, ba sai an tambaya ba. Ni da lissafi ya kayar a BEPC, ga ni da tsakar dare ina ninka lamba da gaskiya ina dariya ni kaɗai a rumfa, har mai gadin layinmu ya leƙo ya ga ko lafiya.

Akwai tarkon da na faɗa wanda har yau in na tuna sai cikina ya juya. In ka rubuta layi da gajerun hannu, sannan ka ce ta nuna maka shi, sai ta warware kalmomin su koma cikakku, layin ya zarce harafi 80. In ka gyara wani abu a ciki ka danna, abin da ya zarce ya tafi ke nan. Haka na yanke wutsiyar layi uku a dare ɗaya, na kuma naɗe ɓarnar a kan kaset ɗin da ke da mai kyau, domin a kaset take ajiye aiki, ni kuwa kaset ɗaya gare ni a lokacin. Dara ta ci gida. Na isa gida bayan ƙarfe biyu, uwargida ta buɗe mini ƙofa ta dube ni ta ce, "Malam, in kishiya ce ka faɗa mini, in san da wadda nake." Washegari ita ce ta tono mini kaset shida daga cikin kayan aurenta. Tun daga ranar kowane layi sai na rubuta shi a kaye da bik, ina ƙirga haruffa da tsinken ashana, kafin ya shiga na'ura.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris, wa'adin gasar ma a cikinsa yake. Zafi ya fara, ga ƙishirwa, kai ba ya ɗaukar lissafi da rana, sai bayan asham nake zama. Ana saura kwana uku na kammala: layi goma, ba wanda ya wuce 80, biyu daga ciki 80 cif. Na ce kafin in aika sai wanda ya san dara ya gani.

Akwai aminin mahaifina, tsohon da duk unguwa ke kira Baba, wanda a gindin bedin nan ba a cika cinsa ba. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce ina roƙon ya taka zuwa rumfata bayan an sha ruwa. Ya zo da sandarsa da wani abokin darar tasa. Na shimfiɗa musu tabarma gaban tele, na ɗora shayi. Ya daɗe yana kallon ɗigo talatin ɗin nan.

"Wanga ita ce darar?"

Na ce ita ce, Baba.

"To ina ƙasar?"

Ba su taɓa madannai ba. Kowa ya nuna gurbi da yatsa a fuskar tele, ni in danna. Da farko suna yi suna dariya, kafin a gama zubi dariya ta ɗauke, sun manta da ni da na'urar, sun koma zage-zagensu na gindin bedi. In ana dara fidda uwa ake, haka na ji tun ina yaro, a daren nan na ga an fidda ta a rumfata. Ina ta murna a zuci. Can sai abokin nasa ya matsa ɗa guda ya shiga tsakanin wasu, suka zama huɗu a jere, kwamfuta ta ba shi izinin ci.

Baba ya ɗaga sanda ya nuna tele. "Tsaya. Wanga abu bai san dara ba. Huɗu ba ta ci."

Na sani. Wallahi na sani, duk yaron Maradi ya san uku ke ci, huɗu banza ce. Amma ni na koya wa na'urar ta nemi uku, ban koya mata ta duba ko akwai na huɗu a gefe ba. Na ɗauko kaye na lissafa a gabansu: gyaran zai ci harafi kusan talatin, ni kuwa abin da ya rage mini a layuka goma duka bai kai goma ba. Na yi masa bayani yadda zan iya, cewa wurin ya cika, in abu zai shiga sai wani ya fita.

Ya ce in karanta masa abin da kowane layi ke yi. Na bi su ɗaya-ɗaya da Hausa: wannan ke zana gurabe, wannan ke jin abin da aka danna, wannan ke hana ɗa tsallake, wannan ke hana mutum jera uku tun ana zubi.

"Maimaita wancan."

Na maimaita. A dara ba a yarda ka jera uku lokacin zubi ba, sai an fara tafiya. Kusan rabin layi na kashe a kan wannan doka.

Ya ce, "Ɗana, a ƙasa wa ke hana shi? Ƙasa ke hana shi? Idon abokinka ne. Wanda ya jera uku a zubi kowa ya gani, kunya ta ishe shi. Amma huɗu, ita ce ake faɗa a kanta, don mai ita kullum yana rantsuwa uku ce. Cire wancan, sa wanga. Abin da mutane za su iya tsarewa bar musu."

Haka na yi. Na cire dokar zubi daga cikin na'ura na mayar da ita cikin takardar bayani, na sa ta ƙirga jeri ta ɓangare biyu ta tabbatar uku ne ba ƙari. Har na samu rarar harafi tara, na sa bakin fuskar tele ya riƙa sauya launi don a san mai tafiya.

Aikawa ma wani aiki ne. Ba a aika kaset Jamus. Ɗan yayata ya sa wata manhaja mai suna VICE a kwamfutarsa ta makaranta, wadda ke kwaikwayon Commodore 64, muka sake buga layukan goma daga kaye, ni ina karantawa harafi-harafi shi yana dannawa. Ya ɗauki hoton wasan, ya juya bayanina zuwa Turanci. Mun yi gardama a kan suna. Shi yana son a sa wani suna na Turanci mai jan ido, ni na ce Dara sunanta, in sun so su tambaya. A wurin da ake rubuta daga ina, na ce ya sa Maradi kafin ya sa Nijar.

Da sakamako ya fito, ban ci ba, ban ma yi kusa ba. Sunana yana can ƙasa-ƙasa. Da na ga abin da wasu suka cusa a harafi 800, da kiɗa da motsi da abokin gaba mai tunani, ban ji an zalunce ni ba. Wasana sai mutum biyu, ba shi da sauti, kuma wanda bai san dara ba zai ga ɗigo ne kawai. Amma wani mutum daga Turai ya rubuto yana tambaya, ya ce ya buga da ɗiyarsa, me ya sa huɗu ba ta ci? Na kai wa Baba tambayar. Ya ce a gaya masa haka muka tarar.

Yanzu an buɗe iyaka, wuta ta dawo yadda ta saba zuwa da tafiya, ciniki ya ɗan farfaɗo. Kwamfutar tana kan tebur ɗin baya, na ɗinka mata riga saboda ƙura. Yara biyu daga cikin masu koyon gyara a wurina sun fara cika nasu kayen, ɗayan ya riga ya fi ni gane dabarar gaskiya da ƙarya. Ina aikin koya wa na'urar ta buga dara da kanta, wannan kam ba zai shiga layi goma na 80 ba, sai dai rukunin 256.

Baba yakan biyo wani lokaci da damina, in ruwa ya jiƙa gindin bedi. Har yanzu ba ya taɓa madannai, yaro ke danna masa. Ran nan na tambaye shi tsakanin ta ƙasa da ta tele wacce ta fi. Ya kurɓi shayi ya ce ta tele tana da kirki ɗaya, akuya ba ta bi ta kai ta watse. Sai ya waiga ya ga abokinsa ya fita alwala, ya rage murya.

"Amma ɗana, ba ka bar wurin da mutum zai ɗan gusa tsakuwa da gefen riga ba?"